Wane Kumbo Ya Kamata Ka Saya? Lissafin Ɗan Kasuwa a Wasan Sama Jannati

Da yawa daga cikinmu mun bar iyali a gida muna neman halali a Kumasi, Lome ko Duwala, kuma idan mun kira waya sai mu ji yaran suna kan wasan kwamfuta. Akwai guda ɗaya da nake so iyaye su sani, sunansa Elite Dangerous. Kamfanin Frontier Developments na Ingila ya fitar da shi a 2014, ana buga shi ta intanet. Ni da ɗana na biyu muna haɗuwa a cikinsa duk daren Juma'a, shi yana Kano, ni ina nan. Abin da ya riƙe ni a wasan shi ne fatauci ne zalla: ka sari kaya a wannan tasha, ka kai wata duniyar ka sayar.

Kowa da ƙaramin kumbo yake farawa, Sidewinder, da 'yan kuɗin wasa da ake kira kiredit. Kayan da yake ɗauka bai taka kara ya karya ba. Daga nan sai tambaya ta taso: in jari ya ƙaru, wanne za a saya?

Yaro idonsa na kan Anaconda, mai kusan kiredit miliyan 147, don girma da bindigogi. Ni kuwa tambayar farko da nake yi ita ce wadda muke yi wa mota: wace hanya za ta bi, ina za ta sauke kaya? Type-6 kuɗinsa miliyan 1 da ɗoriya, yana ɗaukar tan sama da 100, shi ne a-kori-kurar wasan. Type-9 kuma tirela ne, wajen miliyan 76, yana kwasar tan sama da 700. Amma ƙananan tashoshi ba su da filin saukar babban kumbo, don haka duk cinikin da ke can ya wuce mai Type-9. Shi ya sa masu wayo ke son Python: kusan miliyan 57, tan kusan 300, kuma yana sauka a ƙaramar tasha. Wanda ya taɓa ganin tirela ta tsaya a bakin kasuwa ana biyan 'yan dako su shiga da kaya lungu, ya gane zancen.

Na biyu, inshora. In 'yan fashi suka tarwatsa maka kumbo, sai ka biya kashi 5 cikin 100 na darajarsa kafin a ba ka wani. Kayan da ka ɗauko kuwa sun tafi ke nan. Wanda ya zuba duk kuɗinsa ya sayi Type-9 bai ajiye wajen miliyan 4 a gefe ba, hatsari ɗaya na iya mayar da shi kan Sidewinder. Mu dai mun san mutum nawa suka haɗa uwar kuɗi da riba a lodi ɗaya, aka tare motar a hanya.

Na uku, tara kumbo barkatai asara ce. In ka sayar, kashi 10 cikin 100 na kuɗin gangar jikinsa ya tafi. In ka ajiye shi nesa, kawo shi ma sai da kuɗi da jira. Ni biyu nake riƙewa: Python na lodi, da Asp Explorer na dogon zango.

To, ga inda iyaye za su buɗe ido. Duk wannan kuɗin wasa ne, amma tun 2024 kamfanin ya fara sayar da wasu sababbin kumbon da kuɗin gaske ga masu gaggawa. Wani wasan, Star Citizen, akwai kumbon da kuɗinsa ya kai ɗaruruwan daloli. Saboda haka in yaro ya ce “Baba, turo min kuɗin kumbo,” kada ka yi faɗa, kada kuma ka tura nan take. Ka ce ya rubuto maka nawa yake ɗauka, ina zai sauka, nawa ne inshorarsa, sawu nawa zai yi ya mayar da kuɗinsa. Yaron da ya iya amsa waɗannan huɗun, wallahi ka fara tunanin ba shi makullin shago in an yi hutu.