INJI NA KUKA, RUWA BA YA ZUWA

Yanzu da rani ya yi nisa, ruwa ya ja baya a fadamun Gulbin Bunsuru da na Gagere, kukan masu lambu na Moriki da Shinkafi ɗaya ne: injin ban-ruwa na aiki, ruwa ba ya zuwa. Nan da nan sai a ce ya lalace, a aza shi bisa babur a nufi Kaura Namoda wurin makaniki, albasa kuwa ta kwana uku da ƙishirwa. Sau da yawa injin lafiyarsa lau. Iska ce ta shiga.

Ku sani, fankar da ke cikin injin nan ruwa ta ke iya turawa, ba ta jan iska. Shi ya sa a ke cika cikinsa da ruwa kafin a tayar. Kome ƙanƙantar kafar da iska ta samu a mesar da ke zuƙo ruwa, aiki ya ɓaci.

To, ga yadda za ku gane. Kadan ruwa na fitowa yana yankewa, yana tsartuwa da kumfa, iska na shiga ta wata mahaɗa, ko mesa ta tsage, ko bakinta bai nutse sosai ba. Abin da ke ruɗin mutane shi ne ba a ganin yoyo sa'ad da inji ke aiki, domin mesar ciki ta ke ja. Sai a kashe inji, a toshe bakinta na ƙasa, a cika ta da ruwa, sa'an nan a bi ta da hannu. Inda ya jiƙe, nan kafar ta ke. A naɗe wurin tam da robar tsohon tub na keke.

Har wa yau, kada a bar mesa ta yi doro tsakanin rijiya da inji. Iska sama ta ke hawa, ta taru a doron ta tare hanya.

Amma in kun ji ƙara kamar an zuba tsakuwa cikin inji, wannan wata cuta ce dabam, kuma tana cin fanka. Ko rariyar bakin mesa ta toshe da laka, ko ruwa ya yi nisa. Irin injin nan ba ya zuƙo ruwan da ya wuce zurfin ƙafa 25, watau wajen mita 7 da rabi, kome ƙarfinsa. Ƙara masa wuta ɓarnar mai ce kurum. Maganinsa a haƙa rami a saukar da injin kusa da ruwa.

Lalle kada ku bar shi yana gudu ba ruwa kuna jiran ya kama. Cikin mintoci kaɗan abin da ke tare ruwa a bayan fanka zai ƙone, sa'an nan kam tafiya wurin makaniki ta zama tilas.