Filin Manoma: Hadarin da ke Wuce Abakpa, Ina Ya ke Zuwa?

Duk manomin da ya yi damina biyu ko uku a Kaduna ya san ta inda babban hadari ke ɓullowa. Daga gabas ne. Da la'asar sai gari ya ɗauki zafi, iska ta tsaya cik, can sai gabas ta yi baƙi ƙirin, iska mai sanyi ta taso da ƙura da tarkace, mata su yi ta kwashe shanya, 'yan kasuwar Abakpa su ja tamfol su rufe kaya. Kafin a jima ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Bayan sa'a guda ko biyu ya koma yayyafi, hadarin kuwa ya bi ta kan Afaka ya yi wajen Birnin Gwari. Mu iyakar saninmu da shi ke nan. Amma akwai waɗansu mutane a birnin Mayami na ƙasar Amurka waɗanda ke bin sawun abin da ya haifi wannan hadari dare da rana, domin waɗansu daga cikin irinsa su ne ke zama mahaukaciyar guguwar teku wadda ke rushe musu garuruwa.

To, ga abin tambaya. Da damina iskar da ke kaɗa mu a ƙasa daga kudu maso yamma ta ke fitowa, watau daga teku, ita ce mai kawo laima. Me ya sa hadari ke zuwa ta gabas? Dalili shi ne iska hawa-hawa ce. A bisa wannan ta ƙasa, kamar kilomita 3 zuwa 4 sama da kawunanmu, akwai wata iska mai ƙarfi da ke gudu daga gabas zuwa yamma, kamar kogi a sararin sama. Abin da ke tuƙa ta shi ne bambancin da ke tsakanin zafin Sahara a arewa da sanyin teku a kudu. Ita ce ke ɗaukar hadari ta kai shi yamma.

Wannan kogin iska ba ya tafiya a miƙe. Yana lanƙwasa, ya yi tudu ya yi kwari, kamar kunyoyin gona. Masana yanayi suna kiran kowane lanƙwasa igiyar iskar gabas. Daga kwari zuwa kwari akwai tazarar kilomita 2,000 zuwa 4,000. A gaban kwarin iska mai laima takan taru ta hau sama, gajimare ya haɗu, a yi ruwa. Bayan ya wuce sai tudun ya biyo, gari ya washe. Yawancinsu daga wajen duwatsun Habasha da na Darfur su ke farawa, su ratso Cadi da Nijar da Arewacin Nijeriya, suna cin kilomita 600 zuwa 700 a kwana guda. In sun iso inda akwai tsauni, kamar tudun Jos ko duwatsun Azbin, hadari ya fi saurin haɗuwa. A shekara akan sami kamar 60, daga farkon damina zuwa Oktoba, kowane kwana 3 zuwa 5 ɗaya na wucewa. Sun fi ƙarfi cikin Agusta da Satumba.

Saboda haka in tsoho ya ce maka ruwan bana yana yi yana hutawa, kwana biyu a yi kwana uku a ɗauke, ba camfi ba ne. Tudu da kwarin nan ne ke wucewa ta kansa.

Sanin wannan abu ba a rana ɗaya aka same shi ba. A 1940 wani Ba'amurke, Gordon Dunn, ya lura da waɗannan igiyoyi suna ratsa tsibiran Karibiyan, amma bai san mafarinsu ba. A 1945 waɗansu Turawa biyu, Hamilton da Archbold, suka rubuta bayanin yanayin Nijeriya, suka kwatanta jerin hadarin da ke tafiya yamma a sahu ɗaya. Sai da aka fara harba tauraron ɗan'adam mai ɗaukar hoton gajimare, tun daga 1960, sa'an nan aka haɗa zancen biyu, aka ga ashe abin da ke isa Karibiyan daga Afirka ya taso. A 1974 ƙasashe da yawa suka tara jiragen ruwa da na sama a Dakar suka yi damina guda suna awo. A 2006 kuma aka sake wani babban bincike, aka kafa na'urori a Yamai.

Daga Kaduna zuwa Dakar kusan kilomita 2,700 ne, tafiyar kwana huɗu ke nan ga igiyar. A nan ta ke barin ƙasa ta hau Tekun Atlantika, kuma a nan a ke gane wadda za ta rayu da wadda za ta mutu. Yawancinsu mutuwa su ke yi. Kafin igiya ta zama guguwa tilas ruwan teku ya yi ɗumi, ya kai digiri 26 da rabi, domin tururin ruwan shi ne abincinta. Tilas kuma iskar sama da ta ƙasa su daidaita, don in ta sama ta fi ƙarfi sai ta sare wa hadarin kai kamar an yi wa dawa yankan zangarniya. Abu na uku shi ne ƙurar Sahara, 'yar'uwar wadda ke rufe mu da hunturu. In busasshiyar iska mai ƙura ta shiga cikin hadarin sai ta shaƙe shi. Wadda ta tsira daga waɗannan duka sai ta fara juyawa, ta dunƙule. In gudun iskarta ya kai kilomita 63 a sa'a sai a raɗa mata suna, na mace ko na namiji bi da bi. In ya kai 119 ta zama mahaukaciyar guguwa.

Masana sun lissafta cewa cikin manyan guguwar Atlantika, masu gudun kilomita 178 ko fiye, kamar 85 cikin 100 daga waɗannan igiyoyi na Afirka su ke fitowa. Wadda aka kira Irma ta bar gaɓar Afirka ta Yamma ran 27 ga Agusta 2017 tana hadari kamar kowane hadari. Ran 30 ga wata ta sami suna kusa da tsibiran Kef Bade. Ran 6 ga Satumba ta faɗa wa tsibirin Barbuda da iskar kilomita 285 a sa'a, ta lalata kusan duk gidajen da ke wurin, har aka kwashe mutanen tsibirin baki ɗaya. Ran 10 ga wata ta isa Fulorida. Andrew ma, wadda ta yi wa kudancin Fulorida kaca-kaca ran 24 ga Agusta 1992, kwana goma kafin nan ta bar Afirka. Mutanen Kef Bade su kansu ba su tsira ba, gama Fred ta buge su ran 31 ga Agusta 2015.

Yadda a ke bin sawunsu kuwa, akwai tauraron Meteosat na Turai, wanda aka harba na farkonsa a 1977. Yana tsaye bisa Tekun Gini, kilomita 36,000 a sama, yana aiko hoton Afirka duka sau da yawa cikin kowace sa'a. Akwai balan-balan da ma'aikatan yanayi ke saki ɗauke da ma'aunin zafi da laima da iska. Duk wannan a kan zuba shi cikin kwamfuta ta yi lissafin inda igiya za ta kai gobe da jibi. Ofishin lura da guguwa na Mayami yana fid da sanarwa sau huɗu a rana, daga lokacin da a ke tsammanin guguwa har ƙarshen Nuwamba. Yakan sa wa kowace igiya alama a taswira: rawaya in da wuya ta zama guguwa, ruwan goro in abin rabi da rabi ne, ja in ta kusa. Wani lokaci tun igiyar tana bisa Mali ko Gini su ke sa mata alama. In ta matso sai su aika jirgin sama ya kutsa cikinta ya yi awo.

A wajenmu aikin yana hannun hukumar NiMet, wadda aka kafa da doka a 2003. Tana fid da hasashen damina a farkon kowace shekara, da kuma na kwana uku-uku. A Yamai akwai AGRHYMET da ACMAD masu yi wa ƙasashe da dama wannan hidima. Sai dai tashoshin awo a Afirka sun yi kaɗan ƙwarai, kuma a ganinmu abin kunya ne a ce mutumin Fulorida ya riga manomin Rigacikun sanin labarin iskar da ta wuce bisa gonarsa.

Wani masani, Farfesa William Gray, ya nuna a 1990 cewa shekarun da damina ta yi kyau a yammacin Sahel, kamar daga 1947 zuwa 1969, manyan guguwa sun yawaita a gaɓar Amurka, da fari ya shigo kuwa daga 1970 sai suka ragu. Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 sun san shekarun da a ke nufi. Ba wai ruwanmu ne kaɗai ke jawo musu masifa ba. Ɗumin teku yana taɓa mu da su gaba ɗaya.

Yanzu sai abin da ya shafe mu. Na farko, kada kowa ya tayar muku da hankali da labarin waya cewa guguwar Amurka tana tafe Kaduna. Ba ta iya haɗuwa a kan tudu, sai bisa ruwa mai ɗumi, kuma in ta haɗu yamma ta ke nufa, tana ƙara nisa da mu. A tarihin da aka rubuta babu wadda ta taɓa sauka a Nijeriya. Abin tsoronmu shi ne iskar gaban hadari, mai ɗaye kwano ta kwantar da masara, da kuma ruwan da ke biyo juna kafin ƙasa ta tsotse. Mazauna bakin Kogin Kaduna, kamar na Kigo Road, ba su manta da ambaliyar 2003 da ta 2012 ba. Wanda ke da gona a fadama ya lura: in an yi manyan ruwa biyu ko uku a jere cikin Agusta ko Satumba, kogi yana iya cika ko da ranar ba a yi ɗigo a Kaduna ba, domin daga tudun Jos ya ke gangarowa.

Na biyu, a yi amfani da hutun ruwa. Takin zamani ya yi tsada, bai kamata a watsa yuriya a bisa ƙasa ana ganin hadari a gabas ba, don ruwa zai kwashe kuɗinka ya kai kwari. A bari babban ruwa ya wuce, washegari ƙasa na da laima a tona kusa da gindin masara a sa a rufe. Haka feshin wake, a yi shi da safe bayan hadari ya wuce, don maganin ya sami sa'o'in bushewa. Gyaɗa da masarar da aka cire cikin Satumba kada a bar su a ƙasa su kwana, gama in ruwa ya jiƙa su suka yi fumfuna, farashi ya faɗi, ci kuma ya zama cuta. Falken da zai ɗauko hatsi zuwa kasuwar Kawo ran Talata ya saurari hasashe a rediyo kafin ya yi jinga da mai mota.

Amma kada a mai da wannan lissafi agogo. Cikin marka ruwa yana iya kwana yana zuba ba tare da wata igiya ba, zafin rana kaɗai ma yana haɗa hadari, wata igiyar kuma ta wuce ta kudu ko ta arewa ba ta ba ka ko ɗigo ba. Shi ya sa mu ke roƙon malaman makaranta da akawuna su taimaki manoman unguwarsu. A samo gwangwani mai miƙaƙƙen baki, a kafa shi a fili nesa da indararo da itace. Kowace safiya da ƙarfe bakwai a sa rula a auna zurfin ruwan, a rubuta a littafi tare da kwanan wata da inda hadarin ya fito, sa'an nan a zubar. Kaduna takan sami kusan inci 50 a shekara, watau milimita 1,200 da 'yan kai. Wanda ya riƙe littafinsa har ƙarshen Oktoba ya aiko mana da jimlar, za mu buga ta a wannan fili a gwada ta Abakpa da ta Rigacikun da ta Kujama.