INJIN BUGA HOTO DA YA DAƊE A AJIYE: A DUBA TAWADA TUKUNA

'Yan'uwa manoma, yawancin ƙungiyoyinmu da suka sayi injin buga hoto ba kullum suke aiki da shi ba. Akan fito da shi lokacin rajistar sababbin mambobi, ko lokacin cika takardun neman rancen taki, inda ake bukatar hoton kowane mutum. Da damina ta kankama kuwa, kowa ya nufi gona, sai a rufe shi a kabad wata huɗu ko biyar. Ranar da aka sāke bukatarsa, sai hoto ya fito da zane-zane, fuskar mutum ta yi kore, ko takarda ta fito fara fat. Abin yakan fara ne daga tawada, kuma idan aka yi gaggawa, ƙaramar matsala takan zama asarar kuɗin ƙungiya.

Yadda injin yake aiki

Injin yana feshin tawada a kan takarda ta waɗansu ƙananan kafofi da suka fi gashin kai siranta. A Epson L805, wanda masu ɗaukar hoto da yawa suka sani, akwai launi 6, kowane launi da kafa 90. Idan injin ya zauna, ruwan da ke cikin tawadar yana bushewa a bakin kafofin nan, ya toshe su. Ƙasarmu kuwa ta fi tsananta abin. Da hunturu iska a bushe take, ga ƙura. Da bazara zafi yakan wuce digiri 40, alhali irin injin nan an yi shi ne domin aiki tsakanin digiri 10 da 35.

Sai mu lura kuma, injunan iri biyu ne. Na Canon da HP suna zafafa tawada ne har ta yi kumfa ta fito, kuma tawadar ce take sanyaya kan feshin. Saboda haka buga hoto ba tawada yana iya ƙone kan. Na Epson kuwa matsa tawadar suke yi, amma su ma idan tanki ya yi ƙasa sosai, iska takan shiga bututu ta hana tawada wucewa. Sabon kan feshi yana cin babban kaso na kuɗin sabon inji.

Kada a dogara ga kwamfuta kaɗai

Injin mai ƙananan kwanson tawada yakan nuna a kwamfuta yawan abin da ya saura. Amma yawancinsu lissafi suke yi: suna ƙirga ɗigon da aka fesa ne, su cire daga abin da aka fara da shi. Tawadar da ta bushe cikin ajiya ba ta cikin lissafin. Kwamfuta tana iya cewa saura rabi, alhali kwanson ya yi kauri ko ya kusa ƙarewa. Kamar mai rumbu ne da yake ƙirga damin da ya fitar, bai san abin da gara ta ci ba.

Abin da za a yi, bi da bi

Na ɗaya, kafin a kunna, a share ƙura da busasshen tsumma, a buɗe murfi a duba ko ɓera ko kyankyaso sun yi ɓarna a ciki.

Na biyu, a duba tawada da ido. Idan mai tanki ne, a ajiye shi a wuri mai lebur, a duba kowane launi. Akwai layi a sama da layi a ƙasa. Duk launin da ya kusa layin ƙasa, a cika shi kafin a buga kome. A duba lambar kwalba ta dace da injin. Ta L805 ita ce 673. Kada a zuba wani launi a tankin wani. Waɗansu injunan suna da makullin tafiya a gefen tanki. Idan an rufe shi lokacin ajiya, a buɗe, in ba haka ba tawada ba za ta wuce ba.

Idan mai kwanso ne, a duba kwanan watan da ke jikin kwalin. Kamfanin Epson yana ba da shawara a ƙarasa kwanso cikin wata 6 bayan an buɗe shi. Kada a bar injin ba kwanso a ciki, gama nan da nan kan yake bushewa.

Na uku, a buga gwajin kafofi a takarda ta yau da kullum, ba takardar hoto mai tsada ba. Gwajin yana cikin sashen gyara na manhajar injin. Zai fito da ƙananan layuka na kowane launi. Idan layukan sun cika, injin lafiya yake. Idan akwai giɓi, wannan launi ya toshe.

Na huɗu, a sa injin ya wanke kansa, sa'an nan a sāke gwaji. A nan ne mutane da yawa suke asara. Kowane wanki yana shan tawada, yana kuma zuba ta a wani soso da ke ƙarƙashin injin, wanda idan ya cika injin zai ƙi aiki sai an kai wa makaniki. Littafin L805 ya ce idan an wanke sau 3 bai gyaru ba, a bar shi aƙalla awa 12, domin busasshiyar tawada ta jiƙa. Idan har yanzu bai yi ba, gara a kai wa wanda ya san aikin. Kada a tsokani kan feshi da allura.

Rigakafi

Muna ba kowace ƙungiya shawara ta ɗora wa mutum ɗaya, ko magatakarda ko ma'aji, nauyin injin. Ya riƙa buga shafi ɗaya mai launi duka sau ɗaya a mako, ko da damina ce. Ya kashe injin da maɓallinsa, ya jira har fitila ta mutu, kafin a zare waya ko a kashe janareta, domin a lokacin ne kan yake komawa mazauninsa inda roba take rufe shi. A lulluɓe shi da zane, nesa da taga da rana. A kuma rubuta ranar da aka zuba tawada a littafin kayan ƙungiya.

Kuɗin da aka sayi injin nan daga guminmu ya fito, buhu-buhun masara da gyaɗa ne. Tun da sauran mako biyu kafin ranar rajista, a fito da shi a gwada, kada mambobi su taso daga ƙauyuka masu nisa su koma ba hoto.