RUFE IYAKA KO TSARE TA? BAYANI GA HAKIMAI DA MALAMANSU

An shirya wannan ɗan littafi domin hakimai da malaman da ke riƙe musu littattafai a ƙasashen Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, tun daga Ɗan Isa har zuwa garuruwan bakin iyaka. Maganar da za a bayyana a ciki ita ce ta iyakar Nijeriya da Nijar, wadda a ke ta gardama a kanta a majalisu da jaridu da gidajen rediyo. Waɗansu na cewa a rufe ta, a kori baƙi, don a sami zaman lafiya da aikin yi. Waɗansu kuwa na cewa rufewar ita ce ta durƙusar da kasuwanninmu. Ba mu kaɗai ke wannan gardama ba, ana yin irinta a Amurka, ita ce kuma ɗaya daga cikin dalilan da suka sa Ingila ta fita daga Tarayyar Turai a 2020. Tun da ya ke wurin hakimi talakawa kan zo neman gaskiyar magana, ya kamata ya san abin da ya riga ya auku, da abin da doka ta ce, da kuma abin da ya rataya a wuyansa.

ASALIN IYAKAR

Turawan Ingila da na Faransa su ne suka shata wannan iyaka. Sun fara yin yarjejeniya a kanta a 1898, suka gyara a 1904 da 1906, domin Faransawa sun koka cewa ba a bar musu hanya mai rijiyoyi daga Kogin Kwara zuwa Damagaram ba. Daga 1906 zuwa 1908 ma'auna suka bi ƙasa suna kafa alamu, har guda 148, daga Kwara zuwa Tafkin Chadi. Tsawonta ya kai wajen kilomita 1,500, mafi yawanta kuwa fili ne fetal, ba dutse ba kogi.

Layin ya ratsa ta tsakiyar jama'a ɗaya ne. Sarakunan Maraɗi zuriyar sarakunan Katsina ne da suka yi arewa bayan jihadi, Gobirawan Tsibiri kuma 'yan'uwan Gobirawan Sabon Birni ne. Har sunayen garuruwa a kan samu iri ɗaya: akwai Ɗan Isa tamu ta ƙasar Ƙaura Namoda, akwai kuma wata Ɗan Isa a ƙasar Madarumfa, inda 'yan kwastan na Nijar ke tare motocin da suka fito daga Jibiya za su Maraɗi. Sa'ad da hanyar jirgin ƙasa ta iso Ƙaura Namoda a 1929, garin ya zama matattarar gyaɗa da auduga da fatu, hanyoyin fatauci biyu kuma suka ƙara ƙarfi, watau wadda ta bi ta Zurmi zuwa Jibiya, da wadda ta bi ta Shinkafi zuwa Isa da Sabon Birni. Daga Nijar a kan kawo dabbobi da wake da albasa da kanwa, daga nan kuma a kai hatsi da kayan masana'antu.

ABIN DA DOKA TA CE

Shigowar baƙi da fitarsu, da karɓar kuɗin fito, duk al'amura ne na Gwamnatin Tarayya ita kaɗai. Gwamnan jiha ba shi da ikon buɗe iyaka ko rufe ta, balle hakimi. Hukumar Shige da Fice, wadda aka raba da 'yan sanda a 1958, ita ke duba mutane, bisa dokar da aka sabunta a 2015. Hukumar Kwastan kuwa kaya ta ke dubawa.

An kafa Ƙungiyar ECOWAS a Legas a 1975. A 1979, a birnin Dakar, ƙasashenta suka sa hannu a kan cewa ɗan kowace ƙasa daga cikinsu yana iya shiga wata ba da biza ba, ya zauna har kwana 90, muddin yana riƙe da takardar tafiya ta gaskiya. In zai wuce haka, sai ya nemi izinin zama. A 1998 kuma aka amince da takardar shaida ta makiyaya masu ƙetare iyaka, wadda ke nuna yawan dabbobinsu, da allurar da aka yi musu, da hanyar da za su bi.

Wane ne ɗan Nijeriya? Sashe na 25 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce wanda aka haifa a ƙasar nan bayan samun mulkin kai, in ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne, to shi ma ɗan ƙasa ne. Haka kuma wanda aka haifa a waje, in uwarsa ko ubansa ɗan Nijeriya ne. Ke nan yaron da aka haifa a Maraɗi, uwarsa mutuniyar Zurmi, ba baƙo ba ne a gaban doka. A tuna da shari'ar Alhaji Shugaba Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Jihar Borno, wanda aka kora zuwa Chadi a 1980 wai shi ba ɗan ƙasa ba ne. Kotu ta bincika asalin mahaifiyarsa, ta soke korar, ya komo gida.

ABIN DA AKA RIGA AKA GWADA

Korar baƙi da rufe iyaka ba sababbin dabaru ba ne. A watan Janairu 1983 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta umarci baƙin da ba su da takardu su fita, mutane wajen miliyan 2 suka tashi, kimanin rabinsu mutanen Gana, da 'yan Nijar masu yawa. Ƙuncin da aka yi korar dominsa bai tafi tare da su ba, gama tushensa faɗuwar kuɗin man fetur ne a kasuwannin duniya.

Rufewa ta farko da dattawa ke tunawa ita ce ta watan Afrilu 1984, sa'ad da gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta canja takardun kuɗi. Ba a buɗe ba sai a 1986. Abin ya zo daidai da fari, har mutanen Nijar suka raɗa wa yunwar wannan lokaci suna El-Buhari.

Ta biyu ta soma a watan Agusta 2019, wata guda kacal bayan Nijeriya ta sa hannu, a birnin Yamai, a kan yarjejeniyar ciniki maras shinge ta ƙasashen Afirka. Dalilan da Gwamnati ta bayar su ne fasa-ƙwaurin shinkafa da makamai zuwa ciki, da na man fetur zuwa waje. A watan Nuwamba na wannan shekara aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. An buɗe ƙofofi huɗu a watan Disamba 2020, har da Illela da Maigatari, amma ƙofar Jibiya, wadda ta fi kusa da mutanen Zurmi, sai a watan Afrilu 2022 aka buɗe ta.

Ta uku ta biyo bayan juyin mulkin da sojoji suka yi wa Shugaba Mohamed Bazoum ran 26 ga Yuli 2023. ECOWAS ta sa wa Nijar takunkumi, Nijeriya ta rufe iyaka, ta kuma yanke wutar lantarkin da ta ke ba ta. Motoci suka yi jerin gwano a Illela da Jibiya, kayan gwari suka ruɓe a cikinsu. Aka aiki Janar Abdulsalami Abubakar da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar zuwa Yamai, daga baya ayarin malamai ya bi sahu. An ɗage takunkumin a watan Fabrairu 2024, aka buɗe iyaka a watan Maris.

HUJJOJIN ƁANGARORIN BIYU

Masu son a rufe ba maganar banza su ke yi ba. Manomin shinkafa a fadamun Sakkwato da Kabi da Bakolori ba ya iya gasa da shinkafar da aka sauke a tashar Kwatano aka zagayo da ita ta daji ba a biya fito ba. Lalle a watannin rufewar 2019 manoma da masu injinan casa sun sami kasuwa. Gaskiya ne kuma makamai na shigowa daga arewa, musamman tun rushewar mulkin Libiya a 2011, dabbobin sata kuma na ƙetarawa.

Amma a duba wanda rufewar ta kama. Ƙofar kwastan ita a ke rufewa, wanda ke bi ta ƙofa kuwa shi ne mai babbar mota da takardunsa. Ɗan fasa-ƙwauri da ɗan bindiga tun can ba ta nan su ke bi ba, babur gare su da ɓarauniyar hanya. Iyaka na rufe sa'ad da aka sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a watan Disamba 2020. Farashin abinci ya hau, wanda ke sayen mudu kullum shi ya ji a jikinsa. Dillalan kara da 'yan dako da direbobi da masu masauki da mata masu sayar da abinci a tasha suka rasa abin yi, saurayin da ya rasa sana'a kuwa shi ne wanda ɗan fasa-ƙwauri ke nema ya ɗauka aiki. Kwatankwacin wannan mun gan shi a gida a watan Satumba 2021, sa'ad da Gwamnatin Zamfara ta dakatar da kasuwannin mako-mako aka kuma katse wayoyin salula: kasuwar Shinkafi ta tsaya, talaka ya jigata.

Batun man fetur ya ƙara bayyana wannan. Shekara da shekaru ana kama jarkoki a bakin iyaka abin bai tsaya ba, domin man da Gwamnati ke biya wa tallafi ya fi arha a nan nesa ba kusa ba. Da aka janye tallafin a watan Mayu 2023, ribar ta ragu, fasa-ƙwaurin man ya ragu da ita. Watau bambancin farashi shi ke haifar da fasa-ƙwauri, in dai yana nan, ba a rasa mai ɗaukar kaya ya bi daji.

Game da cewa baƙi sun ƙwace aiki, 'yan ci-rani daga Nijar galibi ga-ruwa da gadi da sayar da shayi da ƙwadagon kaka su ke yi, damina na faɗuwa da yawansu su koma gona. Mutanenmu ma suna can suna kasuwanci. Fiye da haka, a 2019 mutum sama da 40,000 daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka gudu zuwa jihar Maraɗi saboda 'yan bindiga, aka karɓe su a gidaje, daga baya aka zaunar da waɗansu a Garin Kaka da Cadakori. Duk abin da muka yi wa baƙo a nan, mu tuna muna da namu a hannun danginsa.

FITAR NIJAR DAGA ECOWAS

Nijar da Mali da Burkina Faso sun kafa ƙawancensu a watan Satumba 2023, suka ba da sanarwar fita daga ECOWAS a watan Janairu 2024, fitar ta tabbata ran 29 ga Janairu 2025. A wannan rana ECOWAS ta umarci ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida na mutanen ƙasashen uku, su bar su su shiga ba da biza ba, har sai an ba da wata sanarwa. Wannan sassauci ne na wucin gadi, saboda haka hakimi ya riƙa tuntuɓar jami'in shige da fice na yankinsa don ya san ko an sake wani abu. Nijar ma ta yi nata hani: ta hana fitar da hatsi zuwa ƙasashe irin namu a watan Oktoba 2024, ta dakatar da fitar da dabbobi gabannin Babbar Salla a 2025. Akwai hukumar haɗin gwiwa ta Nijeriya da Nijar, wadda aka kafa a 1971, mazauninta Yamai, ita ce zauren da ya dace a kai irin waɗannan koke-koke.

AIKIN HAKIMI DA MALAMINSA

Ba rundunar da za ta isa ta tsaya a kan kilomita 1,500. Abin da ke tsare iyaka irin tamu shi ne sanin wanda ya shigo da wanda ya fita, wannan sani kuwa yana wurin masu unguwa da dagatai da hakimai. Saboda haka ana jawo hankalinku ga waɗannan abubuwa.

Na ɗaya, a farfaɗo da al'adar kai baƙo wurin mai unguwa. Malamin hakimi ya buɗe littafi, ya rubuta sunan baƙo, da garinsu, da mai masaukinsa, da sana'arsa, da ranar zuwansa.

Na biyu, a yi hattara da takardar shaidar asali. Ƙaramar hukuma ke bayar da ita, amma bisa shaidar dagaci da hakimi ta ke dogara, da ita kuma a ke neman fasfo da aikin soja da na 'yan sanda. Kada a sa hannu ga wanda ba a san iyayensa ba, kada kuma a hana wanda doka ta ba don kawai an haife shi a ƙetare.

Na uku, hakimi ba shi da ikon korar kowa daga ƙasa. Wanda aka yi shakkarsa a sanar da jami'an shige da fice ko 'yan sanda, a rubuce, a ajiye kwafi. Kada a bar 'yan sa-kai su yanke wa mutum hukunci saboda harshensa ko kamanninsa.

Na huɗu, sarkin fawa da dillalan kara su tabbatar da mai dabba kafin a yi ciniki. Makiyayan da suka ƙetaro a tambaye su takardar dabbobinsu, a nuna musu burtali.

Na biyar, a rubuta farashin hatsi da dabbobi kowace ranar kasuwa, da yawan wuraren da a ke tare motoci a hanya ana karɓar kuɗi ba rasit, a aika wa majalisar sarki. Masu yanke shawara a Abuja ba su ga kasuwar Shinkafi ba, da irin wannan rahoto ne za su san abin da umarninsu ya haifar.

Na shida, a riƙe zumunci da sarakunan ƙetare. Sau da yawa wasiƙar hakimi zuwa ga takwaransa kan komo da shanun sata tun kafin magana ta kai ga hukuma.

Ana roƙon kowane hakimi ya sa a karanta wannan bayani a gaban dagatai da masu unguwanninsa, ya kuma duba littafin baƙi da kansa a ƙarshen kowane wata. Allah ya zaunar da ƙasarmu da ta maƙwabtanmu lafiya, amin.