Rangwamen Haraji Don Karatun 'Ya'yan Talakawa: Ko Zai Yiwu A Gombe?

Duk lokacin da aka koma makaranta, mahaifi mai ƙaramin ƙarfi a Jekadafari ko Bolari ko Pantami yakan shiga tunani iri ɗaya: ya bar yaronsa a makarantar gwamnati inda aji ya cika maƙil, ko kuwa ya ci bashi ya kai shi makarantar kuɗi. A garin nan kuma akwai attajirai da kamfanoni waɗanda ke biyan haraji kowace shekara. Shin akwai hanyar da wani ɓangare na harajin nan zai tafi kai tsaye ga kuɗin makarantar wancan yaro?

A Amurka an daɗe ana yin haka. A shekarar 1997 Jihar Arizona ta kafa doka cewa duk wanda ya ba da gudummawa ga asusun da ke biya wa yara kuɗin makaranta, za a cire masa daidai abin da ya bayar daga harajinsa, har zuwa dala 500. Iyayen yaron ne ke zaɓen makarantar da suke so, ko da ta addini ce. Jihohin Florida da Pennsylvania sun bi sawu a 2001, suka buɗe wa kamfanoni wannan ƙofa. A watan Yuli na 2025 kuma aka sa hannu a kan dokar tarayya wadda ta tanadi irin wannan rangwame har dala 1,700 ga mutum ɗaya, daga shekarar 2027, a jihohin da suka amince su shiga.

To, mu a nan fa? Dokar harajin kamfanoni da aka yi shekaru ana aiki da ita a Nijeriya ta yarda kamfani ya cire gudummawar da ya bai wa wasu hukumomi da cibiyoyin ilmi daga cikin ribarsa kafin a yanka masa haraji, muddin ba ta wuce kashi 10 cikin 100 na ribar ba. Amma mai karatu ya lura, akwai bambanci babba. Idan kamfanin da ke biyan kashi 30 cikin 100 ya ba da Naira miliyan ɗaya, aka cire ta daga riba, Naira 300,000 kaɗai ya samu sauƙi, sauran 700,000 daga aljihunsa suka fito. A tsarin Arizona kuwa daga harajin kansa ake cire gudummawar, watau mai bayarwa bai yi asarar ko kwabo ba, gwamnati ce ta haƙura da kuɗinta.

Irin wannan cikakken rangwame ba baƙo ba ne a ƙasar nan, sai dai hanyoyin mota aka yi wa shi. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Umarni na 7, wanda ya ba kamfanoni damar gina hanya su cire kuɗin daga harajinsu. Hanyar Obajana zuwa Kabba da kamfanin Ɗangote ya yi, da ta Bodo zuwa Bonny, suna cikin ayyukan da aka sa a wannan tsari. A wajen ilmi kuwa, abin da aka sani shi ne harajin dole: kashi 2 cikin 100 da aka ɗora wa kamfanoni a 1993, ya kai kashi 3 a 2023, kafin sabuwar dokar haraji ta 2025 ta haɗe shi da waɗansu a haraji ɗaya na kashi 4. Tun daga 2011 asusun TETFund manyan makarantun gwamnati yake yi wa aiki, irin su Jami'ar Jihar Gombe da Jami'ar Tarayya ta Kashere. Ɗan firamare da ɗan sakandare ba su da rabo a ciki.

Akwai kuma wani cikas. A Amurka kowace jiha tana da ikon tsara harajinta. A nan harajin kamfanoni na Gwamnatin Tarayya ne, harajin albashi kuma, ko da yake jiha ke karɓa, dokarsa daga Majalisar Tarayya take fitowa. Saboda haka Gombe ba za ta wayi gari ta kwaikwayi Arizona ita kaɗai ba, sai wakilanta sun kai maganar Abuja.

Kafin su kai, ya kamata a saurari masu suka. A Amurka sun ce kowace dala da aka yafe, dala ce da ba ta shiga baitulmali ba, kuma wani lokaci waɗanda dama ke iya biyan kuɗin makaranta su ne ke cin moriyar. Wannan magana ta fi nauyi a wajenmu. Gwamna Muhammadu Inuwa Yahaya ya kafa dokar ta-ɓaci a kan ilmi a 2019 saboda halin da makarantun gwamnati ke ciki da yawan yaran da ba sa zuwa makaranta. Makarantun kuɗi kuwa galibinsu a cikin birni suke, yaron ƙauye a Dukku ko Nafaɗa ba shi da zaɓin da zai yi.

Don haka idan har za a yi, sai da sharuɗɗa. A ƙayyade jimillar abin da za a yafe a shekara. A keɓe taimakon ga marayu da 'ya'yan marasa ƙarfi, kuma a hana mai bayarwa ya ambaci yaron da zai ci, don kada attajiri ya biya wa ɗansa da kuɗin jama'a. A yarda gudummawar ta shiga gyaran makarantar gwamnati kamar yadda za ta shiga ta kuɗi. Sannan kowane asusu ya riƙa bayyana lissafinsa kowace shekara.

Mutanen Gombe ba su jira rangwame ba kafin su ba da zakka da sadaka, ko su gina makarantun Islamiyya da na coci. Abin da ya rage shi ne doka ta ƙarfafa wa mai bayarwa gwiwa ba tare da ta rage wa makarantar talaka abin da take samu ba. Allah ya sa wakilanmu su duba.