Faifan da aka ɗebo daga rumbun mamaci

Duk wanda ya taɓa kiran mai haɗa sola gidansa a Gwarzo ko Kabo ya ji ana ambaton AC da DC. Wutar da ke kwance a batir ita ce DC, wadda ke biyo wayar NEPA kuma AC, inbata ce ke juya ta farko ta koma ta biyu. Haruffan nan huɗu, da ɗan zanen walƙiya a tsakiyarsu, su ne kuma a ƙirjin wasu baƙaƙen rigunan gwanjo da ake kwance dilarsu a Ƙofar Wambai, har su iso mana nan a jikin ɗan acaɓa ko yaron shago. Na taɓa tambayar wani saurayi mai sanye da irinta ko ya san abin da ya ɗauko a ƙirji. Ya ce ai kamfanin batir ne. Bai yi nisa da gaskiya sosai ba. Sunan wata ƙungiyar makaɗa ne ta ƙasar Ostireliya, kuma ana cewa a jikin keken ɗinki mai aiki da lantarki aka tsinto shi.

Iyalin Young, gidan da ƙungiyar ta fito, talakawa ne daga birnin Glasgow na Sikotlan. A 1963, bayan wani hunturu mai tsananin gaske, suka tattara nasu ya nasu suka koma Sydney, a zamanin da Ostireliya ke kwasar 'yan Birtaniya a kan fam goma kuɗin tafiya. Gida ne na kiɗa. George, ɗaya daga cikin yayyen, ya riga ya yi suna da ƙungiyar Easybeats kafin ƙannensa su tasa. Malcolm, haihuwar 1953, da Angus, haihuwar 1955, suka kafa tasu a ƙarshen 1973, suka yi wasan farko a daren shiga sabuwar shekara. Yayarsu Margaret ake jingina wa sunan, ita ce kuma ta ba da shawarar Angus ya riƙa hawa dandamali da kayan makaranta, gajeren wando da kwat da 'yar hula. Ɗan tsurut ne dama, kayan suka zauna masa. Har yau da furfura ta game kansa bai tuɓe su ba.

Kiɗansu ba irin wanda kunnenmu ya saba da shi ba ne. Jitar lantarki ce guda uku da ganguna, a ƙure ƙara har ƙirjin mutum ya riƙa rawa, mawaƙi kuma yana ihu kamar ana zare masa rai. Kalmomin waƙoƙin ma, gaskiya, yawancinsu ba abin da zan so ɗana ya haddace ba ne. Amma wanda ya san yadda ƙungiyar makaɗan gargajiya ke aiki zai gane tsarin gidan nan take. Idan ana sauraron Ɗanƙwairo, muryarsa ake yabo, alhali masu kotso da 'yan amshi ne ke riƙe da waƙar, da ɗayansu zai kuskure da kowa ya ji ta zube. Haka abin yake a AC/DC. Angus ne a gaba, yana tsalle, yana birgima a ƙasa da jita a hannu, shi 'yan kallo ke biyan kuɗi su gani. Malcolm kuwa yana can baya kusa da mai ganga, jikin tulin lasifika, ƙafa ɗaya na dukan ƙasa. In amshi ya zo ya tako gaba ya yi, ya koma gurbinsa. Jitarsa ƙirar Gretsch ce da ya cire mata wasu kayan ciki ya bar ramukan, ya sa mata tsirkiya masu kauri. Daga wannan jita gajerun karin nan ke fitowa, waɗanda ake maimaitawa har su zama ƙashin bayan waƙa. Shi ne kuma mai gidan: shi ke ɗauka, shi ke sallama, shi ke cewa a yi ko a bari.

Sun taɓa ganin mutuwa tun da wuri. Ran 19 ga Fabrairun 1980 aka tarar da mawaƙinsu Bon Scott a mace cikin mota a Landan bayan ya kwana shan giya, yana da shekara 33, daidai lokacin da duniya ta fara sanin su. Suka ɗauko Brian Johnson, wani mutumin arewacin Ingila da tauraruwarsa ta dusashe har ya koma sana'ar lulluɓe rufin motoci. Wata biyar bayan mutuwar suka fitar da Back in Black, bangonsa baƙi ƙirin don makoki. Ana ƙiyasta an sayar da kwafi wajen miliyan 50, yana cikin fayafayan da suka fi kasuwa a tarihi. Ita ce bakandamiyarsu. Wannan labari kowa a can ya san shi. Wanda ya fi taɓa ni shi ne na bayansa da shekara talatin da wani abu, lokacin da tsufa ya zo karɓar nasa kason.

Alamar ta fara ne a wajen aikin faifan Black Ice na 2008. Malcolm, mutumin da ba ya mantuwa da komai na ƙungiyar, ya soma rikicewa. A rangadin da ya biyo baya, wanda ya ɗauke su har tsakiyar 2010, sai da ta kai yana zama kafin wasa yana sake koyon kiɗan da shi ya ƙirƙira, wanda ya kaɗa sau dubbai. A ce makaɗi ya tashi da safe a riƙa tuna masa da karin da ya haifa da hannunsa, da dare kuma ya tsaya gaban mutum dubu hamsin ya kaɗa shi ba kuskure. Haka ya yi ta yi har wasan ƙarshe a Bilbao ta ƙasar Sifen, a watan Yunin 2010. Bai sake hawa dandamali ba. Bayan rangadin aka yi masa aikin dajin huhu, aka sa masa na'ura a zuciya. A Satumban 2014 iyalinsa suka fito suka faɗa wa duniya cewa cutar gushewar tunani ce. Aka kira Stevie Young, ɗan babban yayansu, ya tsaya a gurbinsa. Dama ya taɓa riƙe masa a 1988, lokacin da Malcolm ya janye don ya rabu da giya, kuma saboda kamar da suke yi da yawa daga 'yan kallo ba su ma lura an canza mutum ba.

Daga nan ginin ya riƙa zubewa bango bayan bango. Mai ganga Phil Rudd ya faɗa hannun 'yan sanda a Niyu Zilan a ƙarshen 2014, ya amsa laifin yi wa wani barazanar kisa da mallakar ƙwaya, kotu ta yi masa ɗaurin talala na wata takwas a 2015. Aka tafi rangadin sabon faifai Rock or Bust ba shi. Ana tsaka da rangadin, a Maris 2016, likitoci suka ce wa Brian Johnson ko ya sauka yanzu ko ya kurumce gaba ɗaya. Shi da kansa ya ce tseren mota ne ya fara fasa masa dodon kunne, wata rana da ya shiga ba tare da ya toshe kunnuwan ba, ƙarar dandamali ta ƙarasa sauran. Ya kai matsayin da ba ya jin jitar da ke bayansa, sabo kawai ke kai shi ga inda zai shiga da inda zai tsaya. Angus ya ƙi soke sauran wasannin. Ya aro Axl Rose na ƙungiyar Guns N' Roses, wanda shi ma karayar ƙafa gare shi, a zaune kan kujera ya yi wasan farko a Lisbon ta Fotugal. Wasu masoya suka mayar da tikitinsu. Da aka kammala a Philadelphia ran 20 ga Satumban 2016, Cliff Williams, mai jita mai kaurin murya, wanda ke tare da su tun 1977, ya ce shi ma ya ajiye. A cikin mutum biyar da suka yi Back in Black, Angus kaɗai ya rage.

Sai mutuwa ta zo biyu a jere. George ya rasu a Oktoban 2017. Ba a cika wata ba, ran 18 ga Nuwamba, Malcolm ya bi shi yana da shekara 64. Ranar jana'iza a Sydney an ga Angus, ba kayan makaranta, ya fito daga coci riƙe da akwatin jitar yayansa, ya raka gawar da ita. Masu rubutu a kan kiɗa suka fara rubuta ta'aziyyar ƙungiyar ita kanta, kuma ba wanda zai ga laifinsu.

Abin da ba su lissafa da shi ba shi ne rumbu. Shekara da shekaru 'yan'uwan nan biyu ba sa zubar da komai. In sun zauna suka ƙirƙiro kari, ko bai shiga faifai ba sai su naɗe shi su ajiye, kamar manomin da ke ware iri tun ranar girbi. Mafi yawa sun taru ne a shekarun da suka gabaci Black Ice, lokacin da suka daɗe ba su fitar da komai ba, suna ta rubutu. Angus ya shiga wannan tarin yana saurare ɗaya bayan ɗaya, yana ware waɗanda ya san yayansa na so. Mutum ne da ba ya shan giya, abin mamaki a sana'a irin tasu, shayi ne abin shansa. Ina hango shi zaune da kofi a gefe, yana jin hannun mamaci a kan tsirkiya.

A can Amurka kuma wani abu na faruwa da kunnen Brian. Stephen Ambrose, wanda ya yi suna wajen ƙera 'yan na'urorin da mawaƙa ke cusawa a kunne a kan dandamali, ya fito fili ya yi masa tayin taimako. Brian ya ba da labarin cewa na'urar da aka fara kawo masa ta yi kama da batirin mota, aka yi ta gwaji ana rage mata girma sama da shekara biyu, har ta zama abin da zai shige kunne. Phil ya gama zaman hukuncinsa. Cliff ya ce in dai su Brian da Phil za su dawo, shi ma a sa da shi. A watan Agustan 2018 wani ya ɗauki hoton Brian da Phil a harabar wani ɗakin ɗaukar waƙa a Vancouver ta Kanada, hoton ya bazu a intanet. Ƙungiyar ba ta ce uffan ba. Kimanin mako shida suka yi a ciki tare da Brendan O'Brien, wanda ya haɗa musu fayafai biyun baya, sannan suka yi gum har shekara biyu.

Power Up ya fito ran 13 ga Nuwamban 2020, saura kwana biyar Malcolm ya cika shekara uku da rasuwa, ana tsakiyar annobar korona. Waƙa 12 ne, minti 41, faifansu na 17. Malcolm bai kaɗa ko tsirkiya ɗaya a cikinsa ba, Stevie ne ya kaɗa, amma a ƙarƙashin kowace waƙa sunan marubuta biyu ne, Angus Young da Malcolm Young. Angus ya ce yadda Back in Black ya zama na Bon Scott, wannan na yayansa ne. Ya hau mataki na ɗaya a ƙasashe 21, har da Amurka da Birtaniya da Jamus da Ostireliya, aka kuma sa shi a takarar kyautar Grammy, ko da yake bai ci ba.

To, ya yi kyau? Masu suka sun faɗi abin da suka saba faɗa tun shekarun 1980, wai duk faifan AC/DC ɗaya ne, suna kawai ake canzawa. An ce da aka taɓa yi wa Angus wannan gori, gyara wa mai gorin lissafi ya yi, ya ce adadin fayafayan da suka yi iri ɗaya ya fi wanda ya ambata. Ni ban ɗauki wannan a matsayin aibi ba. Ba wanda ya taɓa zuwa wajen Shata yana neman ya ji ya ajiye kalangu ya ɗauki garaya. Abin dubawa shi ne ko kiɗan na da rai, kuma a nan bambancin yake. Rock or Bust ya fito kamar aikin mutanen da hankalinsu ke asibiti. Power Up kuwa a tsaye yake. Gangar Phil Rudd ta dawo da wannan tafiya tata ta raƙumi, ba gaggawa ba ado, wadda ƙwararru da yawa suka gwada suka kasa. Muryar Brian, yana da shekara 70 lokacin ɗauka, ta fi yadda take shekara goma kafin nan sakewa. Bai kai Back in Black ba, kada wani ya ruɗe ka, kuma akwai waƙa uku ko huɗu a ciki da in an cire su ba za a yi kewarsu ba. Amma akwai guda, Through the Mists of Time, da ta sassauta ta yi wani sanyi da ba a san su da shi ba. Brian ya ce duk sanda ya ji ta Malcolm yake tunawa.

Korona ta hana su fita da faifan, har aka fara cewa ko shi ke nan. Sai ran 7 ga Oktoban 2023 suka hau dandamali a Indio ta jihar Kalifoniya, karo na farko cikin shekara bakwai. Phil bai samu zuwa ba, Matt Laug ne ya zauna kan ganga, kuma da aka fara cikakken rangadi a Jamus a Mayun 2024 Cliff ya koma hutunsa. A daren na Indio Brian yana da shekara 76 da kwana biyu, na'urarsa a kunne. Angus, mai 68, ya fito da gajeren wando da farin gashi, ya daina rina shi. Stevie, mai 66, yana can baya kusa da ganga, jikin lasifika, riƙe da Gretsch, in amshi ya zo ya tako gaba ya yi, ya koma.