Yadda ƴan sa-kai ke koya wa jama'a kuɗin intanet a ƙasar Danmark

Masu saurarenmu na gida da na ƙetare sun sha tambayarmu game da kuɗin nan na intanet da ake kira kirifto, wanda Bitcoin ne babbansu. Wani ɗan'uwa ya ce a saka, wani ya ce damfara ce. To, yau za mu leƙa Danmark, ƙaramar ƙasa a arewacin Turai mai mutane wajen miliyan 6, mu ga yadda talakawanta ke ilmantar da juna a kan lamarin.

Mutanen Danmark sun daɗe da al'adar ƙungiya. Tun 1844 aka buɗe makarantar manya ta farko a garin Rødding, inda manoma ke zuwa neman ilimi ba don jarrabawa ko takardar shaida ba. Wannan ɗabi'a ce ta biyo su har zuwa kirifto. A birane kamar Kopenhagen da Aarhus, masu sha'awar abin kan haɗu da yamma bayan an tashi daga aiki, wanda ya sani ya nuna wa wanda bai sani ba, ba a biyan kowa. Wasu kuma fassara suka sa gaba: manhajar Bitcoin da bayananta, da Ingilishi aka rubuta su, ƴan sa-kai ne suka mayar da su harshen Danish. Galibin ƴan ƙasar na jin Ingilishi sarai, amma maganar dukiya, mutum ya fi gane ta da harshen da ya tashi da shi.

Me ake koyarwa? Abin farko shi ne makulli. Duk wanda ya buɗe asusun kansa, ana ba shi kalmomi 12 ko 24. Wanda ya riƙe kalmomin nan shi ne mai kuɗin. In sun ɓace, babu banki, babu ofishin da za ka kai kuka. In ka faɗa wa wani, ko da ya ce shi ma'aikacin kamfani ne, ya kwashe, shi ke nan. Haka in ka tura kuɗi zuwa lambar da ba daidai ba, ba a dawo da su. Ga mutanen da suka saba da MobilePay, manhajar biya ta salula da ta fito a 2013, kuma suka saba banki na tsaya musu, wannan darasi ba ƙarami ba ne.

Sai haraji, inda da yawa suka sha kashi. Hukumar haraji ta Danmark na ɗaukar ribar kirifto a matsayin kuɗin shiga, mai babban albashi na iya ba da fiye da rabin ribarsa. Amma asara, abin da ake rage wa mutum bai wuce kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba. Kun ga ke nan mutum na iya cin riba a ciniki ɗaya, ya faɗi a na biyu, ya tashi hannu wayam, kuma a biyo shi bashin haraji. A 2019 hukumar ta samu izinin karɓar bayanan masu ciniki daga kamfanonin musayar kirifto uku, daga baya ta aika wa dubban mutane wasiƙa. Shi ya sa ake ta nanata wa sabon shiga ya rubuta ranar kowane saye da sayarwa da farashinsa.

Akwai kuma ƴan damfara. An sha ganin tallace-tallacen ƙarya a Facebook ɗauke da hotunan sanannun ƴan talabijin na ƙasar, wai sun yi arziki dare ɗaya. Masu hotunan ba su ma san da zancen ba.

Sai dai mu faɗi gaskiya: ɗan sa-kai ba mala'ika ba ne. Yawancinsu sun riga sun sayi Bitcoin, kuma tashin farashi daɗi yake musu. Wanda ya nuna maka yadda za ka ɓoye kalmominka, ya gaya maka farashi na iya faɗuwa da rabi cikin ƴan watanni kamar yadda aka gani a 2022, wannan malami ne. Wanda ya ce ka ba shi kuɗin ya juya maka, ko ka kawo mutum uku a ƙara maka riba, wannan kasuwarsa yake ci.

Dokar Tarayyar Turai kan kirifto, MiCA, ta fara aiki gaba ɗaya a ƙarshen Disamban 2024, ta wajabta wa kamfanoni neman lasisi. Ƴan'uwanmu mazauna Turai na iya tambayar lasisin kamfani kafin su tura ko sisi.